Hannun Hagun Alkasum

Sunana Mutari, a Birni aka haife ni, kazagi kuma na gada. 'Yar ƙaramar ganga ce, ba wanda ke tambayar sunan mai kaɗa ta. Aikina in riƙe kiɗa, bugu biyu, bugu biyu, ba gaba ba baya. A kan biyun nan nawa Alkasum ke ɗora uku da babbar gangarsa, sai ka ga tsohuwar da ke kukan ciwon ƙafa ta yar da sanda ta faɗa fili. Haka ubana ya riƙe wa ubansa. Kakanninmu sun bar mana sharaɗi: gidansu ba ya fita kiɗa sai da gidanmu, mu kuma ba ma koya wa kowa riƙo.

Shekara ashirin muna haka, har daminar da Nasara zai ba da ƙasa. Aka ce za a kai makaɗa Yamai bikin 'yancin kai, kuma Mushe Zakari, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, shi zai zaɓa. Ni da ban taɓa wuce Takieta ba, tuni na fara ganin kaina a bakin kogin Yamai.

Ran nan da la'asar Alkasum ya shigo zaurena da wani ɗan akwatin katako mai harshen ƙarfe. Ya murɗa mabuɗinsa, harshen ya shiga kaiwa da komowa, tak, tak, tak.

"Metronom sunansa," in ji shi. "Mushe ya ce kiɗanmu da daɗi, amma in fili ya yi zafi gudu muke."

"Haba Yaya! Shekara ashirin ina riƙe maka, yau katako zai koya mini?"

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ban yi bugu talatin ba na tsere wa akwatin, shi ko a jikinsa. Na ji haushi, na dawo, na sake. Kullum bayan la'asar muna zaure, mu raba tsakanin tak da tak gida biyu, mu raba uku, mu raba huɗu. In muka ja ɗan nauyin da ke jikin harshen sama ya rage tafiya, a nan ne ma wuyar take, don ba inda kuskure zai ɓuya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kwanakin nan.

A mako na biyu Alkasum ya ajiye sandar kiɗansa ya ce, "Ƙanena, koya wa hannuna na hagu biyun nan naka. So nake in riƙa jin inda kake a jikina, kada mu ji kunya a Yamai."

Riƙo ba bugu biyu ne kawai ba. Akwai inda ake shan numfashi, akwai yadda ake toshe kunne kada ukun ya janye ka. Wannan ubana ya ba ni, ya ce in bar wa ɗana.

Matata Zuliha ta ji mu ta bayan ƙofa. Ta ce, "Malam, in ya iya naka, kai me za ka kaɗa?"

Na ce mata ta kula da tukunyarta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na koya masa. Ƙafa ta taka biyu, baki ya ƙirga uku. Sannan hagu ta karɓi na ƙafa a fatar ganga, dama ta karɓi na baki. Kwana goma hannuwansa na rikici kamar awaki a turke ɗaya, ina dariya ina gyara masa. Ranar da suka daidaita da akwatin, ni na fara tashi na rungume shi, wawan Allah.

Ranar tafiya na sa sabuwar riga, Zuliha ta ƙulle mini dakuwa. Kamiyo, babbar motar tafiya, na tsaye gaban lakwal, Mushe Zakari na kiran suna. Ya kira Alkasum, ya kira wasu, ya naɗe takarda.

"Mushe, an tsallake ni. Mutari mai kazagi."

Ya dube ni da mamaki. "Ai tun ranar da na ba Alkasum akwatin na gaya masa mai ganga ɗaya za a ɗauka. Ya ce in ba shi wata guda, zai iya kiɗan mutum biyu. Bai faɗa maka ba?"

Na juya. Alkasum na ɗaure gangarsa a bayan mota, yana ta jan igiyar da ta riga ta ɗauru. An sha zagina a duniya, an sha raina ni, amma ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba. A zaurena, da hannuna, ina dariya!

"Yaya, sharaɗin kakanni fa?"

"Zamani ne, Mutari." Ya miƙo mini wani ƙunshi ba tare da ya dube ni ba. "Mushe ya yarda in bar maka. Ka riƙa motsa hannu."

Na dawo gida cikin sabuwar rigata. Zuliha ta karɓi dakuwarta ta koma wajen tukunyarta, da ma ta zage ni ya fi mini sauƙi. Na kwance ƙunshin a zaure, na murɗa mabuɗi. Tak, tak, tak, tak, ba gaba ba baya. Na ɗora kazagi a cinya na ɗaga hannu, na rasa inda zan sauke shi. Biyun nawa akwatin yake yi, ukun kuwa Alkasum bai taɓa koya mini ba.