Ɗan Takara a Ƙofar Mai Kifi

Glenys Hepworth tana tsame kifi daga mai sai Clive mai aski ya leƙo, da almakashi a aljihu.

"Maƙwabciya, yau an zo kanki. Ɗan takara zai zo cin kifi da rana, shi da 'yan jaridarsa."

Saura kaɗan matsamin ya suɓuce mata.

Kowa a layin ya san zancen, ko da yake ba a faɗinsa da ƙarfi. In zaɓe ya matso, 'yan siyasa sukan taso daga Landan su zaɓi shago ɗaya, su ɗaura rigar aikin mai shagon, a ɗauke su hoto suna washe baki. Da mai burodi aka fara, kafin hunturu ya fita shagonsa ya durƙushe, ya rufe. Sai mahauci, sai mashayar kan kwana. Ko wace jam'iyya ce, duk kanwar ja ce. Masu ilimi sun ce haraji ne da tsadar wuta, ita ma ba ta musa ba. Amma hotunan suna nan manne a tagogin shagunan da ba kowa. Rana ta koɗar da su, fuskokin masu shagunan sun shafe, haƙoran 'yan takarar kaɗai suka rage.

"Ka ce musu na mutu," in ji ta.

"Kai, tsohuwa da camfi! Talla za a yi miki kyauta."

"To kai me ya hana ka kira su aski?"

Clive ya shafa sanƙonsa. "Ni ina da iyali."

Shagon na ubanta ne, kuma shi kaɗai ya rage mai hayaƙi a layin. Tsoro ya kama ta sosai. Ta kashe wuta, ta janyo ƙofar ƙarfe ƙasa daga ciki, ta zauna kan buhun dankali cikin duhu, man yana ƙara kaɗan kaɗan yana hucewa.

Can sai ga takun mutane. Ta ƙarƙashin ƙofa ta hango baƙaƙen takalma masu sheƙi sun jeru. Aka ƙwanƙwasa, ta riƙe numfashi.

"Ai wannan ma ya fi," in ji muryar wata mace daga cikin mutanen ɗan takara. "Yallaɓai, matsa nan, ƙofar ta fito sosai."

Ɗan takara ya gyara murya. "Jama'a, ku duba. Shagon da ya ciyar da garin nan tun zamanin kakanni, yau ga shi a garƙame. Mun yi rashi."

Muryarsa har rawa take kamar a wurin jana'iza. Glenys ta ɗaga hannu za ta bugi ƙofar, sai ta tuna rigar aikinta da ke rataye, da hotunan nan. Ta mai da hannun.

Washegari Jumma'a ce, ranar da kowa ke cin kifi. Ta buɗe da wuri, ta tarar da furanni jibge a bakin ƙofa, irin waɗanda ake ajiyewa inda mota ta kashe mutum. Tana tsaye motar da ke kawo mata kifi ta zo ta wuce ba ta ko rage gudu ba. Ta kira direban a waya.

"Glenys? Wayyo, mun gani a talabijin. Sai haƙuri, uwata."

"Wane haƙuri? Ga ni a buɗe, mai har ya yi zafi!"

"Haka ake ji da farko," ya faɗa a hankali, ya kashe wayar.

Rana ta take, ba wanda ya shigo. Sai ga tsohuwa Misis Ogden, wadda ba ta taɓa fashin sayen kifi ran Jumma'a ba, ta dogaro sandarta ta tsaya a taga. Glenys ta ɗaga mata hannu, ta kira sunanta. Tsohuwar ta daɗe tana kallon cikin shagon, fitilu a kunne, mai yana tafasa. Sannan ta sunkuya da ƙyar, ta gyara furannin da iska ta watsar, ta wuce.