Wayar Malam Hashim

"Ba zan faɗa maka ba, Ɗahiru. Ajiye wayar nan."

Kulu ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da kwanon kunun gyaɗa, ta rasa shiga za ta yi ko komawa. Malam Hashim maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Mandawari. Ciwon hanta ya cinye shi, sai idanu. Ƙanensa, Alhaji Ɗahiru, yana zaune a bakin gado yana jujjuya wayar.

"Yaya, lambar buɗewa kawai nake tambaya. In ta Allah ta kasance, da me za mu sanar da jama'arka?"

"Shi ya sa na ce a kira mini Rukayya."

Malam Hashim ne shugaban ƙaramin asibitin da ke bakin titi, kuma Kulu ta san daga wayarsa yana iya buɗe fayil ɗin kowane majinyaci. Nata yana ciki. Tun rasuwar mijinta take karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki a can, ko 'ya'yanta ba su sani ba. Waina take sayarwa. Ranar da maganar ta fita, babu mai sake aiko da kwano gidanta.

Ta kuma san yadda ake yi a unguwa. Da an rufe wa mutum ido, wayarsa ta zama ta kowa. Wannan ya karɓa ya kira 'yan Madabo, wancan ya karɓa ya kira 'yan ƙauye, mai jiran kira ya shiga kuma ya yi ta leƙe-leƙe.

A asibiti ta sha jin nas-nas suna ƙorafinsa. Ya hana su ɗaukar hoton sakamakon gwaji da wayoyinsu. Duk bitar da aka kira kan tsare bayanai, shi ne a bencin gaba. Da aka ce shugaba ba sai ya riƙa sauya lambar sirri ba, ya ce a fara da tasa.

Rukayya, mai kula da bayanan asibitin, ta yi sallama ta shigo da kwamfuta a jaka. Dije, matar gidan, ta biyo ta tana goge ido da bakin zane.

"Haba Malam, wannan ai kiran mutuwa ne. Da ranka ka ce a cire ka daga na'urar asibiti?"

"Ba kira take jira ba, Dije."

Rukayya ta durƙusa ta buɗe kwamfutar. "Yallaɓai, in ka warke fa?"

"Sai ki mayar da ni. Amma ki fara tabbatarwa ni ne, kin ga na sauya kama."

Ba wanda ya yi dariya. Rukayya ta karɓi wayar, ta riƙe masa hannu ya ɗora babban yatsa a kanta, ta yi ta danne-danne, shi kuma yana numfashi da ƙyar. Alhaji Ɗahiru ya miƙe.

"Wato ni ne ɓarawon. Asibitin nan tare muka kafa shi."

"Asibitin namu ne. Abin da mutane suka faɗa wa likita ba namu ba ne." Ya huta. "Rukayya, kin gama?"

"Babu komai na asibiti a ciki yanzu."

Sai ya faɗa wa ƙanensa lambar, a hankali, har ya maimaita. Sannan ya juyo wajen ƙofa. Kulu ta sunkuyar da kai, tana tsoron abin da za ta gani a fuskarsa. Ba ta ga komai ba sai maƙwabci.

"Maman Hasana, yau ma kin cika sukarin?"

"Ɗan kaɗan na sa, Malam."

"Haka kike cewa kullum."

Cokali biyu ya iya sha.

Ranar Juma'a da hantsi kuka ya tsallako katanga. Kafin Kulu ta ɗaura mayafi ta zagayo, wayar ta riga ta fara yawo. Ta gan ta a hannun wata ƙanwar Dije mai yawan surutu, tana kira tana shafa fuskar wayar, mata biyu sun leƙo ta kafaɗarta. Hotunan jikoki suka gani, sai na wata walima. Kulu ta jingina da bango.

Bayan an dawo daga maƙabarta ta kai ruwa bakin zaure, ta ji muryar Alhaji Ɗahiru.

"Rukayya, bayan sadakar uku ki sa mini komai na asibitin a tawa wayar. Kuma ban da wannan sauye-sauyen lambar, ni ba na iya riƙewa."

"Alhaji, sai kwamitin asibiti ya zauna."

"Yanzu ni ne kwamitin."

Kulu ta jira ta ji amsa. Masu gaisuwa suka shigo da sallama, maganar ta ɓace a cikin addu'a.

Ta koma cikin mata ta zauna. Lokacin maganinta ya yi. Ta bari sai da aka tashi alwalar La'asar, sannan ta matsa bayan randa, ta kwance ƙullin da ke bakin mayafinta, ta juya fuska ga bango ta haɗiye ƙwayar da ruwan moɗa. Ta ɗauraye moɗar, ta kife ta a kan murfi.