Jinin Hajjo da Sunan Nassirou

Nassirou tela ne a unguwar Lazaret, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa kama sunan mahaifiyarsa ba. Hajjo yake cewa, kamar kowa.

Da gwiwoyi suka hana tsohuwar fita, wata maƙwabciya ma'aikaciyar asibiti ke ɗibar jininta a gida, shi kuma ya kai labo, wato ɗakin awon jini, a kan babur. Ranar farko aka tambaye shi sunan mai jinin da shekarunta a gaban jama'a. Sunan uwa a bainar mutane? Shekarun ma wa ya sani? Gogan naka sai ya miƙa nasa katin shaida, ya ga ya yi dabara. Haka aka ci gaba. Duk awon ƙoda ya fito da dama-dama, shi kuwa yana ta sayo mata ƙwayoyin ciwon gwiwa.

Sai da ƙafafunta suka kumbura ya ɗauke ta zuwa wajen likita Fa'iza a unguwar Banifandou. Likitar ta dubi sakamakon, ta dubi tsohuwar da ko ƙwarya ba ta iya ɗagawa.

"Wane ne Nassirou, namiji, ɗan shekara talatin da biyar?"

"Ni ne. Amma jinin nata ne."

Likita ta ajiye biro.

"Malam, wannan sittin da bakwai ɗin da aka rubuta a nan, ma'aunin ƙarfin ƙoda, lissafi ne. Ana auna dattin da tsoka ke zubarwa cikin jini, sannan a haɗa da shekaru da jinsi. Ƙato kamarka, wannan dattin ba abin tashin hankali ba ne. A jikin tsohuwa marar nama kuwa, ƙoda ce ta gaza tacewa."

Ta sake lissafin a wayarta, ta juyo masa: talatin da takwas.

"Wane magani take sha?"

Ya zaro ƙwayoyin daga aljihu, ya miƙa mata.

"Waɗannan cin ƙoda suke. Da na ga wannan lamba tun bara, da na hana. Yanzu sai dai mu tsare abin da ya rage."

Innalillahi kawai yake maimaitawa. Tsoro da kunya suka rufe shi, ya kasa ɗaga kai.

Hajjo, da kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji komai ba. Ta dafa kafaɗarsa tana murmushi.

"Lokotoro, ki sa masa albarka. Duk cikin ɗiyana babu mai kula da lafiyata kamar wannan."