Injin da Ba a Kashewa Ranar Talata

"Ni dai buƙatata guda ta," in ji Sadi, ko zama bai yi ba. "Daga Mafara har Bakura har Maradun, kada mai injin da ya ƙara ɗaukar Ishaq aiki. Ko kwasar buntu kada a ba shi."

Masu injin casar shinkafa da ke zaune a rumfar ƙungiyarsu suka juyo suna dubansa. Shugabansu, Alhaji Lauwali, wanda ya taso tun daga Bakura saboda wannan zama, ya nuna masa gefen tabarma.

"Zamna tukuna, Alhaji Sadi. Yaya mai jiki?"

"Mai jiki shina kwance, ko juyawa ba ya yi."

Mai jikin shi ne Sallau, maƙwabcin Sadi katanga ɗaya, kuma shi ke riƙe masa da inji tun Sadi ba shi da ko rumfar kwano. Talatar da ta wuce, ranar kasuwa, bel ɗin da ke juya injin ya fara zamewa. Sallau ya ɗauko guntun kwalta zai goga masa yana cikin gudu, kamar yadda aka saba, sai bel ya cafke hannun rigarsa, ya fizge shi ya maka da ƙarfe. Abokin aikinsa Ishaq, wani magidanci mutumin Dosara, shi ne kusa da makashin injin. Ya kashe, amma bayan ɓarna ta riga ta auku. Asibiti suka yi iyakar yinsu, suka ce a mai da shi gida.

Nan take Sadi ya kori Ishaq a gaban mata masu jiran shinkafa. Korar ba ta sanyaya masa zuciya ba. Ya tsani mutumin nan tsana ta gaske, so yake ya ga ya rasa inda zai sa kansa a ƙasar nan kaf. Shi ya sa ya tuna da ƙungiya, wadda a da yake cewa ba ta da aiki sai shan shayi da kukan tsadar gas. Yau da yake neman kulkin da zai doke Ishaq da shi, ga shi ya zo da ƙafarsa.

"Korar da kay yi mai bakin ƙofa, doka ba ta san da ita ba," in ji Alhaji Lauwali. "Ba a korar ma'aikaci ba a ji ta bakinai ba. In yak kai ƙara ofishin ƙwadago, kai za a kama da laihi, mu ko ba mu son ɗan ƙungiya shi ji kunya. Lauyanmu ya ce a saurare shi, shi as sa munka kira shi."

Aka shigo da Ishaq. Ya rame, ya durƙusa can nesa da tabarma, ya gaida kowa har da Sadi, wanda ya kau da kai.

"Da bel yaf fara zamewa, mi ya hana ka kashe inji?" Alhaji Lauwali ya tambaye shi.

"Ranka shi daɗe, ranar Talata ba a kashe injin Alhaji. Ko salla bi-da-bi muke yi. Na ce ma Baba Sallau in kashe, yac ce in bari, kada Alhaji shi jiyo shiru daga kasuwa shi taso muna."

Sadi ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, sai ya ga babu mai kallonsa, kowa ya sunkuyar da kai. A gaban wa zai ƙaryata? A wannan rumfar ya sha yin alfahari cewa injinsa ba ya numfashi ranar kasuwa. Kunya ta rufe shi, kunyar kuma ta ƙara hura masa wutar ƙiyayya, don yanzu Ishaq ya tona shi a gaban tsararrakinsa.

Alhaji Lauwali ya yanke magana a hankali. Ba za a toshe wa kowa hanyar abinci ba, Ishaq zai koma bakin aikinsa. Mai waldan ƙungiya zai je ya yi wa bel keji. Haƙƙin da doka ta ɗora wa mai inji idan ma'aikaci ya ji rauni kuwa, su za su raka Sadi wurin iyalin Sallau a daidaita shi cikin mutunci.

"Ba don Ishaq munka yi haka ba, Alhaji. Don kai munka yi."

Sadi ya saka takalminsa ya fita ba sallama. A kan babur yana ta saƙawa. Sun ce a mai da shi, to za a mai da shi. Zai jefa shi ramin buntu, ya yi ta kwasa cikin ƙaiƙayi da zafin rana, har ya gudu da ƙafarsa. Wannan dai babu dokar da ta hana, ko akwai ma sai lauyan nasu ya zo ya tsaya a ramin ya gani.

Bayan la'asar ya shiga gidan Sallau. Matarsa Taiba tana zaune bakin katifa tana kore masa ƙuda da mafici. Ɗakin na warin magani, ga kwanon kunu an rufe ba a taɓa ba.

"Sannu, Taiba. Ya samu barci?"

"Kaɗan-kaɗan, Alhaji. Mun gode Allah."

Sallau ya buɗe ido da ƙyar. "Alhaji, an ƙarasa ma matar Garbadu shinkafarta? Ta biki ce."

"An ƙarasa. Kai dai ka ji da jikinka."

"Ishaq fa? Ban gan shi ba."

Taiba ta ce, "Kullum da sahe shina zuwa, shi tsaya zaure. Tsoron gamuwa da Alhaji shikai."

"Ku ce shi shigo," in ji Sallau, ya lumshe ido. Sadi ya ji haushi har da na Sallau, da ya kasa taya shi fushi.

Washegari da hantsi kukan Taiba ya tsallako katanga. Sadi yana tsaye a tsakar gidansa da buta a hannu, sai hawaye suka zo masa.

Aka yi wa Sallau sallar jana'iza a ƙofar gida, masu inji na garuruwan uku duk sun zo. A maƙabarta Sadi ya kutsa har bakin kabari. Da aka nemi masu shiga su karɓi gawa, sai ya ga Ishaq ya riga ya naɗe wando ya sauka. Shi ya tallabi kan Sallau, ya kwantar da shi a hankali ta gefen dama, ya gyara masa likkafani, ya jera itace. Sadi yana kallon ƙeyarsa, zuciyarsa na tafasa.

Da ya gama, Ishaq ya miƙo hannu sama a jawo shi, bai ko duba wanda ke tsaye a wurin ba. Sai da ya ɗago kai ya ga Sadi ne. Ya fara janye hannun.

Sadi ya damƙe shi, ya fizgo shi waje da ƙarfin da ya wuce kima, ya sake shi bai dube shi ba. Mutane suka shiga tura ƙasa. Shi kuwa ya koma gefe ya tsuguna, jar laka na bushewa a tafin hannunsa.