Reshen Tsamiyar Doguwa

"Ba mai taɓa reshen nan sai an gaida mai gida!" in ji tsohuwa Rakiya, ta jingina baya da tsamiyar.

"Kaka, wannan shirka ce," in ji jikanta Mus'ab, gatari a hannu.

"Shirkar ce ta raini ubanka, mai ɗangalallen wando."

Mata suka fashe da dariya. Direban motar haƙa bai yi ba. Bana gwamnati ta turo wa ƙaramar hukumar Kieche kuɗin rijiyar burtsatse guda ɗaya tak, magajin gari ya ba ƙauyensu. Masu awo suka ce ruwan yana gindin tsamiyar da aka ce doguwa na zaune, kuma ƙarfen haƙa ba zai miƙe ba sai an sare babban reshe.

"In azahar ta yi, ƙauyen gaba muka nufa," in ji direban. "Su ba su da aljanu."

Mus'ab ya dubi matarsa Zuwaira, da tsohon ciki, tafin hannunta duk kantar igiyar guga. Ya sassauta murya.

"Kaka, ba zan yanka komai ba."

"Wa ya tambaye ka ɗan akuya, marowacin miji? Gaisuwa na ce. Ko baƙo ba ya shiga gida ba sallama."

Ta juya, ta kafa goshi a jikin itacen, ta daɗe tana raɗa. Mus'ab ya kau da kai yana istigfari. Da ta gama, ta share baki.

"Na gaya mata matanmu sun gaji. Sari."

Ya yi bismilla da ƙarfi, don kowa ya ji. Reshe ya faɗi.

Kwanaki injin yana gurnani, sai ƙura da jan laka. Ran nan da hantsi ƙasa ta yi tari, ruwa ya yi tsiri sama. Guɗa ta tashi. Zuwaira ta tsaya a ciki tana dariya, tana lissafa wa maƙwabciyarta albasa da zogalen da za su shuka. Wani Bafulatani ya sako shanunsa. Mus'ab ya jiƙe sharkaf, yana kabbara.

Rakiya ta tari ruwan a ƙwarya, ta miƙa masa. Ya shanye tas.

"To, malam," ta ce, "da bismillarka da gaisuwata, wacce ta riga isa ƙasa?"