Esin Ɗakin Inna

Shekara ashirin da biyu ina sana'ar gyaran esi da firji, har sunana na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Sanyi yake ce mini. A gida kuwa Babba ne, don ni ne ɗan fari. Ƙannena duk sun yi karatu mai zurfi, ni kuwa daga sakandare na faɗa shagon gyara. Abu ɗaya nake da shi a gidanmu wanda babu mai ja da ni a kai: duk abin da ya shafi wuta ko inji, Inna ba ta yarda kowa ya taɓa sai ni. Ko ƙwan fitila ne ya mutu, gara ta kwana uku da tocila har in zo. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan jiran ƙwarai.

Da zafin bana ya tsananta, likita ya ce hawan jinin Inna ba ya son wannan gumin, a samar mata sanyi a ɗaki. Muka taru a ɗakinta ranar Asabar da hantsi. Na gyara zama na ce magana ta ƙare, akwai wani esi mai ƙarfin doki biyu a shagona, tsoho ne amma ƙarfe ne na gaske, minti biyar zai sa mutum neman bargo.

Sai Auta ta ce, "Yaya, ara mini tef ɗinka na awo."

Auta ita ce ƙaramarmu, malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata. Ni na riƙa ɗaukar yarinyar nan a wuya, ni na koya mata ɗaura igiyar takalmi. Ta buɗe jakar kayan aikina da hannunta, ta zaro tef, ta auna tsawon ɗakin da faɗinsa, ta hau kujera ta auna har silin. Ta leƙa taga ta ga inda rana take faɗowa. Sannan ta zauna ta yi 'yan rubuce-rubuce a bayan takardar magani.

"Doki ɗaya ya ishi ɗakin nan," in ji ta. "Babban inji ya yi masa yawa, zai riƙa kamawa yana ɗaukewa, kuma duk kamawar da zai yi sai ya zuƙi wuta. A sayi mai inbata, wanda yake rage gudu da kansa in ɗaki ya yi sanyi."

Inna ba ta san doki ba, ba ta san inbata ba, amma ta san mita. Mace ce da take kashe firji in za ta shiga wanka. Ta ce, "Ni dai wanne ne ba ya shan wuta? Don in mai sha ne, ku bar kuɗinku, ba zan kunna ba."

"Nawa, Inna," in ji Auta tana dariya.

Inna ta dafa kan Auta ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ashe karatun nan bai tafi a banza ba."

Abin haushin, duk abin da Auta ta faɗa gaskiya ne, kuma na san shi tun tana rarrafe. Shi nake gaya wa masu kawo mini aiki kullum. Na ambaci tsohon injin ne kawai don ina so ya zama daga shagona sanyin Inna ya fito. Amma yanzu in na ce haka ne, an ce na bi bayan Auta. Sai na ce, "To, ai ku ne masu biro," na mai da tef ɗina cikin jaka.

Ranar Litinin muka je shagon wani abokina mai sayar da kayan wuta. Auta ta bi kwalaye ɗaya bayan ɗaya tana karanta takardar da ake liƙawa mai taurari, wadda take nuna yawan wutar da inji yake ci. Wannan tauraro uku ne, wancan huɗu, ga mai biyar can sama a sauko da shi. Ta tambayi ƙararsa, ta tambayi ko ana samun kayan gyaransa. Abokina ya dube ni yana washe baki ya ce, "Mai Sanyi, ka yi hattara, wannan ƙanwar taka in ta buɗe shago sai dai ka koma sayar da ƙanƙara." Na yi dariya tare da su har da tafawa.

A ƙofar shagon ta ce mini, "Yaya, nawa ya ƙare. Kafawa kuma ɓangarenka ne, ban san komai a ciki ba."

Esi gida biyu ne. Akwai na ciki mai hura sanyi, akwai injin waje mai kwashe zafin ɗaki ya watsar. Injin waje yana son inuwa da sarari, ya sha iska ya fitar. Ɗakin Inna yana da bango biyu da za a iya kafa shi. Na gabas yana kallon tsakar gida, ga inuwar bishiya, ga iska. Na yamma kuwa yana cikin wani matsattsen lungu tsakanin ɗaki da katanga, inda muke jibge tsoffin bokitai, faɗinsa bai kai mutum ya buɗe hannu ɗaya ba, kuma daga azahar rana take zama a ciki har la'asar sakaliya.

Na tsaya da tsani a kafaɗa ina duban bangon gabas. Na daɗe a tsaye. Sannan na juya na shiga lungu.

Na gaya wa kaina wai don kada ƙara ta dami Inna ne, wai don kada jikoki su sa yatsa. Ƙarya nake. Na san injin da ke fuskantar katanga da tazarar taƙi ɗaya, zafin da ya fitar shi zai dawo ya shaƙa. Na san ƙaramin inji ba zai jure wannan ba. Sauran aikin kuwa na yi shi tsaf, na ɗaure bututu, na zuƙe iskar ciki, na naɗe waya, ko mai neman aibi ba zai samu ba. So nake kawai a yi kwana biyu ana gumi, a ce da an bi ta Babba, sai in zo in gyara a ga bambanci.

Da safe esin yana aiki lafiya lau. Rana na karkatawa sai ya fara nishi, iskar da yake hurawa ta koma ɗumi-ɗumi, mita kuwa ta kama gudu. Inna ta leƙa mita sau biyu, ta kashe shi, ta ɗauko maficinta.

Auta ta shiga damuwa. Kullum in ta tashi daga makaranta sai ta biyo, ko gida ba ta zuwa. Ta sake auna ɗakin. Ta sayo labule mai kauri ta rataya, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ta wanke ragar tace ƙura wadda ko sati ba ta yi ba. Lungun ne kawai ba ta taɓa leƙawa ba, don ba ta kawo a ranta cewa matsala za ta fito daga wajen aikina ba. Ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, sau huɗu ina maimaita lissafin nan, amsa ɗaya yake ba ni. Me na manta?"

Na ce, "Ai inji ba allo ba ne, Auta."

Na ajiye waya ina murmushi, kuma na ji daɗin murmushin, abin da har yau yake ba ni kunya ke nan. Kwana biyun da na ɗiba ya zama sati, sati ya zama kwana goma. Kullum sai in ce gobe zan je in cire shi, kullum sai in ƙara kwana ɗaya, don har lokacin ban ji an faɗi abin da nake jira ba.

Rana ta goma sha ɗaya, wajen ƙarfe uku, Auta ta kira ni, ta ce in zo maza. Na tarar da Inna kwance a kan tayil, an jiƙa zane an lulluɓa mata, idanunta sun faɗa. Jiri ne ya ɗebe ta a bakin ƙofa, Allah ya sa Auta tana nan ta tare ta. An auna jininta, ya hau sosai, amma ta sha magani ya fara sauka. Ɗakin kamar gidan burodi, esin nan mai taurari biyar yana manne a bango a kashe.

Auta ta durƙusa a gabana, yarinyar da ɗalibai ɗari suke miƙewa in ta shiga aji. Ta ce, "Yaya, ka yafe mini. Na shiga abin da ba fannina ba, na kunyata ka a gaban Inna, ga shi na kusa kashe ta. Ka cire shi ka sa naka."

Inna ta ɗaga hannu daga kwance ta ce, "Daina kuka, Auta, ba da gangan kika yi ba. Laifina ne da na bar mai abu na bi mai takarda. Yayanku tun yana yaro bai taɓa yin aikin ha'inci ba, ko ga baƙo, balle ga uwarsa."

Ga maganar da na yi kwana goma sha ɗaya ina jira, ta zo har da ƙari. Na ji ta kamar an watsa mini ruwan zafi. Na dubi ƙafafun Inna da suka kumbura, na dubi takardun lissafin Auta a warwatse a kan gado.

Na ce, "Lissafinta daidai ne."

Suka zuba mini ido.

"Injin lafiyarsa ƙalau. Ni na kafa na waje a lungu, inda ba ya samun iska. Da a gabas yake, da yanzu Inna tana cikin bargo."

Auta ta share hawaye da sauri, har fuskarta ta washe. Ta ce, "To ai kuskure ne, Yaya, kowa yana yi."

Da wannan maganar ta buɗe mini ƙofar fita, da na so da na bi. Na ce, "Ba kuskure ba ne. Ina sane."

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallona kamar mai son tuna inda ta san ni. Na miƙe na ce bari in ɗauko tsani, awa ɗaya ya ishe ni in mai da shi gabas.

"Zauna, Babba," in ji ta a hankali. "Ka gaji."

Ta juya fuskarta wajen bango, ta gyara jiƙaƙƙen zanen a kafaɗarta.

"Auta, cikin malaman makarantarku babu wanda ya san wani mai gyara? Ki tambaya mini, a samo mai tsoron Allah."