Tabon Cizal a Kan Noti

Auta yana kwance ƙarƙashin wata mota yana fama da salansa, bututun hayaƙinta, ya ji wani ƙugi daga bakin ƙofa. Duk makaniken kirki ya san kukan tayar da ke shirin rabuwa da mota. Ya leƙo, sai ga farar motar Malama, wadda ta bar garejin da hantsi, tana shigowa tana ɗingishi, 'ya'yanta cike da kujerar baya.

Malama ta fito ko sallama babu.

"Sabbin shaf na kawo maka, a kwalinsu! Ka ce in tafi hankalina kwance. Ina kan gada sitiyari ya kama rawa a hannuna, na taka birki sai da ya kusa kai ƙasa kafin ya kama. Da yarana a ciki, malam! Me na yi maka?"

Auta ya nufi motar. Ya jawo jak ya ɗaga gaban motar, ya kama tayar dama da hannu biyu ya girgiza. Ta yi lako-lako kamar haƙorin yaro.

Aikin nan da hannunsa ya yi shi. Shi ya zare tsofaffin shaf ɗin, ƙarafan nan da ke ɗauko juyi daga giya su kai wa tayoyin gaba, robobinsu duk sun yage, giris ya tsiyaye. Shi ya cusa sababbin har ya ji kowanne ya ce ƙas a cikin giya, ya cika man da ya zube. Babban notin hagu ma shi ya ɗaure, da dogon bututu a kan sufana, har ya hau kai da ƙafa. Na dama kuwa ya murza shi da hannu ke nan aka kira shi bakin titi, wai wata mota ta mutu ta tare hanya. Da ya dawo ya duba, ya ga tabon cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki da ake duka da guduma, a bakin notin, sai ya mayar da murfi ya miƙa wa Malama mabuɗi.

To, a garejin nan tabon cizal ba abin wasa ba ne. Baba, mahaifin Auta, wanda ya kafa wurin tun Auta bai san hagu da dama ba, shi ya sa dokar: ba a dukan bakin noti da cizal a kulle shi sai an ɗaure shi iya ɗaurewa. Tabon shi ne shaida. In ka gan shi, an gama, ba tambaya. Auta ya sha ranƙwashi a kan wannan doka har tsakiyar kansa ta haddace ta.

Ya buɗe tabon, ya sa yatsu biyu. Notin ya juya salin-alin.

Ya waiwaya. Baba na zaune a kan tsohuwar kujerar mota da ke jingine da bango, cikin rigar aikinsa da aka wanke aka goge, cizal da guduma a kan cinya, yana kallon titi yana murmushi da ba a san dalilinsa ba. Nan Auta ya gane wanda ya daki notin. Da wani ne ya yi wannan aika-aika, wallahi da sai an ɓamɓare shi daga hannun Auta.

Ya ba Malama haƙuri har bakinsa ya bushe. Ya ce boris ɗin da tayar ke juyawa a kai ya riga ya ci wuya, zai sauya shi, ta bar motar zuwa gobe. Ta kwashe yaranta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Saboda sunan mahaifinka nake zuwa nan. Ashe sunan kawai ya rage."

Tana fita Yaya na shigowa da kwanon abincin Baba. Ita ce babbar yayarsu, ita ke kawo tsohon kullum da safe ta ajiye, ta dawo da rana ta duba shi. Auta ya ja ta bayan wata mota.

"Yaya, tun yaushe nake gaya miki? Ran nan ruwa ya ɗura wa mutum a wurin man birki, Allah ya sa na gani. Yau ya daki noti bai ɗaure ba. Saura ƙiris mace da 'ya'yanta su kifa daga kan gada!"

"To ka riƙa dubawa mana. Ba kai ne mai gareji ba yanzu?"

"In duba me? Tabonsa? Shi ya koya mini cewa ba a duba shi!"

"Rage murya, yana ji."

"Ya ji! Ai in an jima ya manta!"

Maganar na fita ya ji kunyarta, kunyar kuma ta ƙara tunzura shi. Ya yi ƙwallo da wani galan, galan ɗin ya tafi yana kururuwa har bakin ƙofa.

Yaya ta ajiye kwanon a kan but ɗin motar. Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sassauta ba.

"A gida ko ni ba ya ganewa, Auta. Jiya tambayata ya yi ko 'yar wane gida ce ni. Nan ne kaɗai yake sanin ko shi waye. Ka hana shi zuwa, ka kashe shi da ransa."

"In bar shi kuma ya kashe na wasu?"

Ta juya masa baya. Ai da ma haka take yi, ta ɗora masa kayan ta koma gefe, shi ne mugu in ya sauke, shi ne mai laifi in ya faɗi da su. Haushinta yake ji, da na Malama da baƙar maganarta, da na ciwon mantuwar nan da ke cin tsohon a tsaye. Wanda ya fi ci masa rai kuwa nasa ne, shi da ya san halin da ake ciki amma ya ga tabo ya gaskata, don ransa na so a ce Baba na nan yadda yake.

Suna zagayowa suka tarar Baba ya bar kujera. Yana durƙushe gaban tayar dama, yana murza notin da yatsa, gaba da baya. Ya shafa tabon da babban yatsansa. Murmushin nan ya ɓace, fuskar da Auta ya sani tun yana yaro ta dawo, wadda in ta ɗaure har masu motoci sai sun shiga taitayinsu.

"Kai, Auta!"

Rabon da ya kira sunan daidai an kwana biyu.

"Na'am, Baba."

"Wane sakarai ne ya daki wannan bai ɗaure ba?"

Yaya ta toshe baki da mayafi.

"Tambayarka nake! Ran mutane ne a kan notin nan. Ni ban taɓa ajiye mai irin wannan aiki a garejina ba, ko ɗan uban waye. Ka sallame shi yau ɗin nan. Kada in sake ganin ƙafarsa a nan. Ka ji ni?"

Auta ya dubi Yaya. Ta kau da kai, kafaɗunta na girgiza.

"Na ji, Baba. Za a yi yadda ka ce."

Ya durƙusa ya zare cizal ɗin daga hannun tsohon a hankali, sannan gudumar. Baba ya sakar masa ba gardama, har da buga masa kafaɗa irin ta wanda ya ba da umarni aka bi. Yaya ta kama hannunsa suka nufi ƙofa, yana tafe yana ta faɗa a kan yaran zamani da ba su san darajar aiki ba.

A bakin ƙofa ya juyo.

"Gobe da sassafe zan zo in duba."

"Allah ya kai mu, Baba."

Auta ya jefa cizal ɗin cikin akwatin kayan aiki, ya datse kwaɗo. Sannan ya ɗauki kujerar da ke jingine da bango ya kai ta bayan gareji, inda ake tara ƙarafan da suka gama aiki.